Babi na Bakwai: Sallamar Batirin Dalma

A ƙasashen da ake shekara wuta ba ta ƙifta ba, aikin batirin ajiya zama ne. Kullum yana cike, yana jira. Idan aka ɗauke wuta sau ɗaya ko sau biyu a shekara, sai ya riƙe kwamfuta na 'yan mintuna kafin janareta ya tashi, sannan ya koma ya ci gaba da zamansa. A Kano ko Damagaram kuwa ba haka abin yake ba. Batirin da ke bayan inbata shi ne ke juya fanka tun daga magariba har asuba, shi ke riƙe firij, shi ke cajin wayoyin gida da na maƙwabta. Sunan na ko-ta-kwana kawai yake amsawa, amma shi ne mai aikin kullum, wutar Nepa ce ta koma baƙuwa.

'Yan shekarun nan sun ƙara masa nauyi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Janareta ya zama abin da ba a tayarwa sai da dalili. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. A ƙarshen Oktoban 2024 kuma jihohin Arewa da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Duk wanda ya samu hali sai ya ɗora farantan sola a rufi, ya jera batura a lungu. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ga shi yana ƙorafi: batirin da yake kai shi asuba yanzu ƙarfe biyun dare bai yi ba ya mutu.

Galibi akan ɗora laifin a kan ɗan kasuwa, a ce jabu ya sayar. Wani lokaci gaskiya ne. Amma ko na kirki ne, batirin dalma yana da halin da bai dace da irin aikin da muke ɗora masa ba, kuma sai an san wannan halin za a gane abin da litiyam ya zo ya gyara da abin da bai gyara ba.

Abin da ke kashe batirin dalma

Tsoho ne ƙwarai. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau ainihinsa bai canza ba: farantan dalma a tsome cikin ruwan asid. Kowane sel yana ba da bolt 2, shi ya sa batirin bolt 12 yake da marafai shida. Lokacin da ake jan wuta, asid ɗin yana haɗuwa da farantan, wani farin gishiri ya lulluɓe su. Idan aka yi caji, gishirin ya narke ya koma yadda yake. Sharaɗin shi ne a yi cajin da wuri, kuma a cika shi taf. In aka bar shi rabi-rabi kwana da kwanaki, gishirin yakan daskare ya yi tauri, caji ba ya ƙara narkar da shi, wannan sashe na farantin kuwa ya tafi ke nan. Kamar randa ce da aka ce kada ka ɗebi fiye da rabinta, kuma duk daren da ta kwana ba a cike ba sai laka ta daskare a gindinta ta rage mata ciki.

To ina cikar take a nan? Batirin dalma ba ya son a ɗura masa wuta da gaggawa. Wanda aka rubuta wa 200Ah, abin da ya fi so shi ne amfiya 20 ko sama da haka kaɗan, kuma kashi 20 na ƙarshe shi ne mafi jinkirin shiga. Yana bukatar awa takwas zuwa goma kafin ya cika da gaske. Unguwar da ake ba wuta awa huɗu, biyu da rana biyu da tsakar dare, batirinta ba zai taɓa ƙoshi ba. Mai sola ma bai tsira ba, domin a watan Agusta hadari na rufe rana, lokacin hunturu ƙura na lulluɓe farantai, ga shi firij da fanka suna cin rabonsu tun kafin wutar ta isa batir.

Sai zafi. Kwanakin da kamfani ya yi alkawari, ya auna su ne a ɗaki mai digiri 25 ko ƙasa da haka. Ƙa'idar da masu ƙera batir suka daɗe suna faɗa ita ce, duk ƙarin kimanin digiri 10 yana raba kwanan batirin biyu. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri suna wuce digiri 40 a inuwa, balle a ce ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, marar taga, inda aka saba tura batura don kada su tare hanya. Zafin nan yana ƙafar da ruwan da ke ciki, kuma da yawa ba sa tunawa da ƙarawa sai farantai sun fito fili. Wasu in sun tashi ƙarawa sai su zuba ruwan rijiya ko na leda maimakon tataccen ruwan batir, wasu ma asid suke ƙarawa, wai don ya yi ƙarfi. Duk gaggauta ajalinsa ne.

Akwai kuma abin da lambar jikin batir ba ta faɗa. Wannan 200Ah ɗin, yawanci an auna shi ne bisa jan amfiya 10 a hankali na tsawon awa 20. Idan ka ja da ƙarfi, ka kunna injin tura ruwa ko dutsen guga, abin da zai ba ka ya gaza haka nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya bayyana wannan tun 1897. Dogayen baturan nan da ake kawowa daga Indiya, waɗanda 'yan kasuwa ke kira tubula, sun fi sauran juriya domin an yi su ne don ƙasar da ita ma ta san ɗaukewar wuta. Duk da haka dalma ce da asid, kuma duk abin da aka lissafa a sama yana kansu.

Litiyam ba ɗaya ba ne

Tarihinsa gajere ne. Stanley Whittingham ya fara aikin a kamfanin mai na Exxon cikin shekarun 1970, John Goodenough ya ɗaga shi a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino ya fitar da samfurin da za a iya sayarwa a Japan a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2019, Goodenough yana da shekara 97 a lokacin. Abin da ya kawo shi ƙofar gidajenmu kuwa farashi ne. A 2010 kuɗin batirin da zai ajiye yunit ɗaya na wutar mita ya haura dala 1,000. A 2024, bisa ƙididdigar da BloombergNEF ke fitarwa duk shekara, matsakaicinsa ya sauko zuwa dala 115. Motocin lantarki da masana'antun Sin ne suka karya shi.

Sai dai kalmar litiyam sunan dangi ne, ba sunan mutum ɗaya ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Na cikin waya da kwamfutar hannu da yawancin motocin lantarki na farko, masu kobalt ne ko nikel. Suna ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki, amma suna da saurin fushi: in sel ya yi zafi fiye da kima ko aka huda shi, yana iya kamawa da wutar da ke ciyar da kanta. Wanda ya dace da gida shi ne wanda ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP, mai ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas wajajen 1996 zuwa 1997. Ya fi ɗan'uwansa nauyi da girma, abin da zai dami mai ƙera waya amma bai dami batirin da zai zauna a lungu ba. A madadin haka yana da sanyin hali, ba ya saurin kamawa, kuma ya fi daɗewa.

Wata sa'a kuma ta faɗo masa. Sel ɗinsa bolt 3.2 ne. Haɗa huɗu, ka samu 12.8, wanda ya yi daidai da gurbin batirin dalma na bolt 12. Takwas su ba ka 25.6, sha shida su ba ka 51.2, wato gurbin inbata mai 24 da mai 48. Masu kobalt ba su da wannan dacewa: uku sun yi kaɗan, huɗu sun yi yawa. Wannan ne ya sa ake iya maganar cire na dalma a sa LFP ba tare da an zubar da inbata ba.

Ga lissafin da ya kamata mai saye ya yi. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda, irin wanda mita ke ƙirgawa. Batura huɗu na dalma, kowane bolt 12 da 200Ah, a takarda suna ɗauke da yunit 9.6. Tunda rabi kawai za ka ɗiba in kana son su yi kwana, naka 4.8 ne. Kowane yana da nauyin kilo 60 ko kusa da haka, duka kilo 240 ke nan, ga wuri da suka cinye. Batirin LFP guda, mai bolt 51.2 da 100Ah, yana ɗauke da yunit 5.12, kuma za ka iya cin kashi 90 cikin 100 ba tare da ka cuce shi ba, wato kimanin 4.6. Nauyinsa bai cika wuce kilo 50 ba, ana ma rataye shi a bango. Ka ga ashe abin da aka rubuta wa 100 ya kusa yin aikin abin da aka rubuta wa 200. Wanda ya je kasuwa yana gwada lamba da lamba zai ɗauka an zalunce shi, alhali ba a kan mudu ɗaya aka auna su ba.

Bambancin da ya fi girma shi ne yawan zagaye, wato sau nawa batir zai cika ya juye kafin ya gaji. Na dalma na gama-gari yana yin 'yan ɗaruruwa. Tubula mai kyau, in an kula da shi, yana iya haura 1,000. Masu ƙera LFP suna rubuta 3,000 zuwa 6,000. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta, mu kuma yi wa dalma adalci mu ba ta 1,000 cif. Dalma za ta ba ka yunit 4,800 a duk rayuwarta, litiyam ya ba ka 13,800. Ko da kuɗinsa ya ninka nata biyu, kowane yunit ya fi araha a wurinsa. Ƙari a kan haka, cikin kowane yunit goma da ka zuba wa dalma kimanin takwas ne ke dawowa, shi kuwa yana mayar da fiye da tara. Ga mai cika batir da janareta, wannan bambanci fetur ne.

Amma a ganina duk wannan bai kai abu biyu muhimmanci ba a ƙasa irin tamu. Na farko, LFP yana shan caji da sauri: in caja tana da ƙarfi, awa biyu zuwa uku sun ishe shi, don haka 'yar wutar da aka kawo da tsakar dare ba ta tafi a banza ba. Na biyu, bai damu da zama rabi-rabi ba. Ya kwana a kashi 40, ya wuni a kashi 60, babu gishirin da zai daskare. Cutar da ta fi kashe batura a gidajenmu, shi ba ya ɗaukarta.

Ranar canji

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Masu talla suna cewa cire wancan ka sa wannan, shi ke nan. Wani lokaci hakan yana yi, wani lokaci kuwa mutum ya kashe kuɗi ya sayo wa kansa sabon ciwon kai.

Batirin dalma ba shi da mai gadi. Ka cika shi fiye da kima, ya tafasa ya yi haƙuri. Ka tatse shi, ya rame ya yi haƙuri. Litiyam ba ya haƙuri: sel ɗin LFP ba a wuce masa bolt 3.65 a sama, ba a sauke shi ƙasa da 2.5. Saboda haka kowane batir na kirki yana da wani allon lantarki a cikinsa da ake kira BMS, wanda ke duba kowane sel, ya daidaita su, ya kuma datse wuta nan take idan caji ya yi yawa, ko jan ya yi yawa, ko zafi ya wuce iyaka. Rabin ingancin batirin yana cikin wannan allo, kuma yawancin abin mamakin da ke biyo bayan canji daga wurinsa yake fitowa.

A fara da caja. Inbata da na'urar cajin sola da aka saita don dalma suna da wani shiri da suke yi lokaci-lokaci, su ɗaga boltej ya haura 15 a kan batirin 12, don su motsa asid su farfasa gishiri. Ga dalma magani ne. Ga litiyam kuwa ya wuce iyakarsa ta 14.6, sai BMS ya datse, inbata ta ruɗe, wuta ta ɗauke a gida ana tsaka da rana. Dole a kashe wannan shiri, a kashe wanda ke sauya boltej gwargwadon zafin ɗaki, sannan a sa lambobin da takardar batirin ta faɗa. Inbatocin zamani suna da zaɓin litiyam, wasu ma akwai wayar da ake jonawa su riƙa magana kai tsaye da BMS. Tsofaffin masu nauyin nan da ba su da wurin saiti, sai an auna abin da suke fitarwa kafin a yanke hukunci. Wanda zai yi maka aikin, in ka tambaye shi nawa zai saita cajin ya ce ai duk ɗaya ne, nemi wani.

Sai ma'aunin da ke nuna saura nawa. Boltej ɗin dalma yana sauka a hankali yayin da take juyewa, don haka inbata na kallonsa ta ce saura rabi, saura kwata, ta fara ƙara tana gargaɗi. Na LFP kusan a miƙe yake: daga kashi 90 har zuwa kashi 20 bambancin ɗan kaɗan ne, sannan ya faɗi lokaci guda. Tsohuwar inbata za ta yi ta nuna maka a cike, a cike, sai kawai duhu. A gida abin haushi ne kawai. A ɗakin haihuwa, ko wurin ajiye allurar rigakafi, ko kan kwamfutar da ke jiran gargaɗi kafin ta rufe kanta, magana ce babba. Maganinsa shi ne ma'aunin da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, ko allon da ke jikin batirin kansa. Wani abin kuma, idan BMS ya datse saboda batir ya juye ƙarƙaf, wasu inbatocin sukan ɗauka babu batir gaba ɗaya, su ƙi yin caji ko an kawo wuta, sai an nemo wata caja an tashe shi. Shi ya sa ake saita inbata ta tsaya da kanta tun da sauran kashi 10 ko 20, kada a bari sai mai gadi ya rufe ƙofa.

Ƙaramin UPS na teburin ofis, mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, shi ya fi yaudara. A cikinsa akwai ɗan batirin dalma rufaffe, bolt 12, mai 7Ah ko 9Ah, kuma a kasuwa akwai na LFP mai girmansa daidai, har ƙafafun jonawa iri ɗaya. Cajin UPS, wanda ke tsayawa wajen 13.5 zuwa 13.8, ba ya cutar da shi. Matsalar tana wurin ja. UPS ɗin da ke ɗauke da wat 600 a kan batir guda yana jan fiye da amfiya 50. Ɗan batirin dalma yana iya ba da wannan na 'yan mintuna, aikin da aka yi shi dominsa ke nan. BMS ɗin da ke cikin ƙananan na litiyam da yawa kuwa iyakarsa amfiya 10 ko 20. Ana ɗauke wuta sai ya ga jan ya fi ƙarfinsa ya datse, kwamfuta ta mutu a daidai daƙiƙar da aka sayi UPS ɗin dominta. Lambar da za a duba a nan ba ta Ah ba ce, ta iyakar amfiyar da batirin zai iya bayarwa ce. In UPS ɗin batura biyu yake ci a jere, sai an tabbatar kamfanin ya yarda a jera nasa, domin ba kowane BMS ke jure hakan ba.

Wasu kuma sukan ce tunda an samu dama, bari a jona wa ɗan UPS ɗin ƙaton batir mai 100Ah ya kwana yana aiki. Cajarsa ba ta fi amfiya ɗaya ba, sai ta kwana huɗu ba ta cika shi ba. Mafi muni, an ƙera na'urar ne ta yi aikin minti goma, da yawa ko fanka ba su da ita. A sa ta aikin awa shida a zafin Afrilu, ita ce za ta ƙone, ba batirin ba.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Ba a haɗa dalma da litiyam a layi ɗaya. A sa fiyus ko bireka na wutar batir, ba irin na wutar gida ba, kusa da kan batirin, domin in wayoyi suka haɗu LFP yana iya turo dubban amfiya cikin ƙiftawar ido. Waya ta kasance mai kauri, a ɗaure ta tam. Littattafan Turai suna yawan gargaɗi kada a yi cajin litiyam in sanyi ya kai na ƙanƙara, abin da bai cika shafar mu ba sai ko mai aiki can cikin Sahara. Namu gargaɗin na zafi ne: LFP ya fi dalma jurewa, amma shi ma zafi yana cin kwanansa, kuma waɗancan zagaye 6,000 a digiri 25 aka ƙirga su. A nema masa inuwa da iska.

Gobara, da abin da ke cikin akwati

Tsoron gobara ba na banza ba ne. Ranar 15 ga Oktoban 2022 wuta ta tashi a ɗakin baturan litiyam na wata cibiyar ajiye bayanai a Pangyo, kusa da Seoul, ta durƙusar da KakaoTalk, manhajar da kusan duk mutanen Koriya ta Kudu ke aika saƙo da ita. A ƙarshen Satumban 2025 aka sake yin irinta a Daejeon, a cibiyar kwamfutocin gwamnatin ƙasar, lokacin da ma'aikata ke ƙoƙarin sauya wa baturan UPS wuri. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet suka tsaya. Ƙasa ce da ke cikin manyan masu ƙera batir a duniya, da ƙwararrun injiniyoyi, amma ga abin da ya faru. Wutar litiyam tana da wuyar kashewa, tana iya lafawa ta sake tashi, hayaƙinta kuma guba ne. LFP ya fi sauran aminci nesa, sai dai aminci ba ya nufin a ajiye shi a ɗakin kwanan yara ko a bakin ƙofa ɗaya tilo ta fita. Ita ma dalma ba waliyyiya ba ce: lokacin caji tana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta a rufaffen ɗaki.

Haɗarin da ya fi kusa da mu yana cikin akwatin da ba a buɗewa. Daga kasuwar Alaba har ta Sabon Gari, fenti ɗaya ne, allo mai haske ɗaya ne, amma na ciki ya bambanta. Akwai sababbin sel masu daraja ta ɗaya, akwai waɗanda masana'anta ta ware saboda ba su cika awo ba, akwai waɗanda aka ciro daga tsofaffin motocin lantarki aka sake musu riga. Akwai ma masu tattara ƙananan sel na matattun kwamfutocin hannu, masu kobalt, su harhaɗa ɗaruruwa a akwati su kira shi batirin sola. Wannan na ƙarshe ban ga dalilin da zai sa mutum ya kwana da shi a gida ba. Wata dabarar kuma ta fi laushi: a sa sel 15 maimakon 16. Batirin zai yi aiki lafiya, amma bolt 48 ne, yunit 4.8, ana kuwa sayar da shi da sunan mai yunit biyar kamar ɗan'uwansa mai 5.12. Ba laifi ba ne in an faɗa maka kuma farashin ya nuna. Ka nemi a rubuta maka irin sel, da yawansu, da iyakar amfiyar BMS, da shekarun garanti, da kuma wanda zai amsa garantin a garinku, ba a wata ƙasa ba. Sikeli ma shaida ne: wanda aka ce yunit biyar ne amma yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, akwai magana. In an kafa, a cika shi, a ɗora masa kayan da aka san yawan wat ɗinsu, a duba agogo. Araha ba ta ado.

Duk da haka ba kowa zan ce ya canza ba. Wanda baturansa na dalma ke da sauran ƙarfi, ya ci kuɗinsa tukuna. Wanda ke layin da ake samun wuta awa 20 a rana, tun da aka ɗaga musu kuɗin yunit zuwa naira 225 a Afrilun 2024, in dai ana cika masa alkawarin, batirinsa ya koma mai zaman jira, kuma zaman jira a cike shi ne abin da dalma ta iya. Haka UPS ɗin da aikinsa riƙe minti biyu kafin janareta ya tashi: zagaye 3,000 ba su da amfani ga wanda ba zai yi 50 a shekara ba. Sannan akwai wanda lissafin dogon zango bai dame shi ba domin kuɗin yau kawai yake da su. Dalma ana iya sayenta ɗaya-ɗaya, kowane mai gyaran wuta ya san ta, kuma in ta mutu gawarta ma kuɗi ce.

Wannan gawar ita ce abin da ya rage a yi magana a kai. 'Yan gwangwan suna sayen mataccen batir saboda dalmar da ke ciki ana narkar da ita a sake amfani da ita. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura suna komawa masana'anta. A wurare da yawa na Afirka kuwa da gatari ake fasa su, a tuttular da asid a ƙasa, a narka dalmar a fili. A Thiaroye-sur-Mer, wata unguwa a gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalmar tsofaffin batura da ta cakuɗe da ƙasar da suke wasa a kai. Mu ma mun san abin da dalma ke yi wa yaro: a Zamfara, a 2010, ta kashe yara aƙalla 400, ko da yake waccan daga dutsen zinare ta fito. Yanzu da gidaje da shaguna da turakun sadarwa ke komawa litiyam, tsofaffin batura masu yawa za su fito lokaci guda. Wanda ya cire nasa ya miƙa shi a rufe yadda yake, da ruwansa a ciki, ga dilan da zai karɓa ya rage masa kuɗin sabo, kada ya bari a fasa shi a tsakar gida ko a zubar da ruwan a kwata don a rage nauyi.

Shi kuwa LFP, babu kobalt a cikinsa, babu nikel, babu dalma, don haka ɗan gwangwan ba shi da abin da zai samu a jikinsa in ban da ɗan jan ƙarfe da alminiyam. Waɗanda aka rataya a bango daga 2023 zuwa yau za su fara gajiya cikin shekarun 2030, kuma ba kamar na dalma ba, babu mai yawo unguwa-unguwa da kura yana cigiyar su.